Garin Kuka a Lagireto

Injin motar Gado ya tafasa tsakanin Andarai da Maiyama, kuma tun daga ranar silinda uku ke aiki cikin huɗu.

Tsohuwar akori-kura ce, da ita yake kwasar albasar manoman Aliero da Maiyama zuwa Jega duk rani. In damina ta sauka ya jingine ta, ya koma gona da shanun huɗarsa guda biyu. Abin da ya mallaka ke nan a duniya, mota da shanu.

Lagireton ya daɗe yana yoyo. Gado ya yi masa maganin da direbobin tasha suka sani: cokali biyu na garin kuka a cikin ruwan, yauƙin ya toshe ɓular. Ya toshe kuwa. Duk sanda ɗigo ya dawo sai ya ƙara, har matarsa Hindu ta fara ɓoye kukar miyarta. Babu wanda ya gaya masa cewa kuka ba ta san ɓula da hanyar ruwa ba, duka take toshewa.

Ranar da abin ya faru buhu ashirin ya ɗauko. Allurar awon zafin inji ta mutu tun bara, sai tururi kawai ya gani yana fitowa ta gaba. Ya tsaya kusa da wani mai ban ruwa a fadama, ya ari bokiti, ya sheƙa wa inji ruwan rijiya mai sanyi yana kashe. Ya ji wani ƙas, kamar an taka busasshen kara. Da ya tayar, motar ta kama karkarwa, salansa na fitar da farin hayaƙi. Da giya biyu ya lallaɓa har garejin Ummaru a Jega.

Ummaru bakanike bai tambaye shi komai ba. Ya bar injin yana aiki, ya riƙa zare wayar fulogi ɗaya bayan ɗaya. Ta farko, inji ya nemi mutuwa. Ta biyu ma haka. Da ya zare ta uku, ko a jikin injin. Ya kwance fulogin, ga shi jiƙe da ruwa. Ya zaro sandar awon baƙin mai, man ya koma kalar kunun gyaɗa. Sannan ya buɗe lagireto, ya tsoma yatsa, ya ɗago, yauƙi ya biyo shi.

"Gado, mi kaz zuba nan ciki?"

"Kuka ta."

"To saura daddawa da gishiri, mu aika Hindu ta tuƙa muna tuwo."

Gado bai yi dariya ba. "Hwaɗa mani gaskiya, mi ya lalace?"

Sai da aka sauke kan injin aka gani. Gaskit, shimfiɗar da ke tsakanin kan injin da gangar jikinsa, ya ƙone tsakanin silinda ta uku da hanyar ruwa. Ummaru ya ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a kan, ya ɗaga wa rana, haske na wucewa ta ƙarƙashi.

"Kan ya lanƙwashe," in ji shi. "Hanya biyu ta. A kai shi a goge, a sa sabon gaskit. Ko ka sayi wani inji ɗan Beljiyam ka huta."

"In anka goge, yana riƙewa?"

"In gangar jikin injin ba ta tsage ba. Ni idona bai ganin cikin ƙarhe, Gado. Ƙas ɗin da kaj ji, shi ad damuwata."

Gado ya zauna kan wata tsohuwar taya. Kuɗin gyara yana da su, a ɗaure cikin aljihun ciki. Kuɗin inji kuwa suna tsaye a turke a gida suna tuƙa. Ga albasa ta fara fitowa, wata biyu ne kacal, in suka wuce sai baɗi.

"A goge," ya ce.

Aka goge, aka haɗa, aka wanke lagireto har kukar ta fita dunƙule-dunƙule. Motar ta yi kwana tara lafiya lau, har Gado ya fara gaida mutane da hon. Ran na goma, da safe a bakin wata gona a Aliero, an gama lodi, ya murza makulli, karkarwar ta dawo. Ya zaro sandar mai, kunu. Mai albasar ya kira wata mota, aka sauke buhunan a gabansa aka mayar can.

Ummaru ya sake kwancewa. Wannan karon tsagar ta fito fili a bangon silinda ta uku, siririya kamar gashi. Ya sa farce a kai ya nuna wa Gado.

"Wagga ba ta gyaruwa."

Hindu ce ta ce a bar motar, a riƙe shanun, ko ba komai za a ci hatsi. Gado ya ce mota babu inji ai akurkin kaji ce, ko 'yan gwangwan ba za su taya ta da daraja ba. Kwana huɗu yana fita turke yana dawowa.

Ranar kasuwar Jega ya kora shanun da kansa. Dillalai sun ga alamar matsuwa a fuskarsa, suka taya yadda suka so, ya sallama. Injin Beljiyam ɗin da ya saya ya yi sati biyar kafin ya iso, lokacin an gama kwasar albasa, hadari ya fara haɗuwa a gabas. Motar ta tashi da bugu ɗaya, babu abin ɗauka. Shanu biyu da huɗar shekara guda, abin da Gado ya biya ke nan.