Ƙwai Biyar na Kwamanda

Tela ya durƙusa bakin akurki ya tura hannu cikin ƙaiƙayi. Ƙwai biyar ɗin suna nan, amma ɗuminsu ya fara tafiya, kazar da ke kwanci a kansu kuwa babu ita. Can ya hango ta gindin famfo tana tono abinta, 'yan tsaki biyu na biye da ita.

'Yan tsaki kuma? Daga ina? Ai saura kwana huɗu ƙwan nan su ƙyanƙyashe!

Ba ƙwan wasa ba ne. Shekara shida Tela yana haɗa iri a bayan gida, ya ware wannan, ya kawar da wancan, kafin ya samu Kwamanda, zakara mai ƙirjin kajin gidan gona da juriyar na gida. Makonni uku da suka wuce kare ya kashe shi. Ƙwai biyar ɗin nan su ne abin da ya rage na irinsa. Uwarsu ba ta kwanci, shi ya sa Tela ya samu 'Yar Baƙa da ta kwana huɗu a kan nata, ya kwashe su, ya sa mata waɗannan.

"Maman yara!" ya ƙwala kira. "Wa ya taɓa mini akurki?"

Matarsa ta fito tana goge hannu da zani. Ta dubi 'yan tsakin, ta dubi ƙasa.

"Biyu kacal na mayar mata cikin ƙwanta da ka kwashe, maigida. Tausayi ta ba ni. A ce ta yi ta kwanci a kan na wata, nata ko ɗaya babu?"

"Tausayi! Ke kaza lissafi ta iya? Da ta ji kukan ɗa a ƙarƙashinta ai shi ke nan, ta tashi aiki!"

Ya bi 'Yar Baƙa da gudu. Zabi suka ɗare kan katanga suna ihu kamar an biya su, agwagi suka kife kwanon ruwa. Da ƙyar ya cafko ta, ya dangwarar da ita a kan ƙwan, ya kifa kwando. Ina! Tsaye ta yi tana tattaki tana kiran 'ya'yanta, saura kaɗan ta fasa ɗaya. Ya sake ta yana tsaki.

Ya danna makunnin fitila ko zafinta zai ɗumama ƙwan, babu wuta tun safe. Ya leƙa ta katanga wajen maƙwabcinsa mai walda.

"Don Allah kana da kaza mai kwanci?"

"Kash, shekaranjiya ta ƙyanƙyashe. Lafiya dai?"

Bai amsa ba. Ya gwada babbar agwagwar da ke kwance bayan tanki, ta tsage masa bayan hannu, ga ta jiƙe sharkaf. Ya dawo ya zauna a kan bulo da ƙwan cikin hularsa. Ya kara ɗaya a kumatu. Da sauran ɗumi, amma ba yawa.

"Shekara shida," in ji shi, ba tare da ya dube ta ba. "Shekara shida, Maman yara."

Matar ta dubi ƙwan da ke cikin hular. Sannan ta shiga ɗaki ta fito da tsohon ɗankwali da auduga. Ta karɓi hular daga hannunsa, ta naɗe ƙwan ɗaya bayan ɗaya, ta manna su a fatar cikinta, ta ɗaure, ta ɗora zani a kai. Ta lallaɓa ta zauna a kujera a hankali kamar mai tsohon ciki.

"Kwana nawa ka ce ya rage?"

"Huɗu."

"To," ta ce, tana nuna masa madafa da haɓa. "Shinkafa na kan wuta, kada ka bari ta kama."