Inda Aka Binne Cibiyar Asma'u

Cibiyar Asma'u ta faɗi tun kafin suna, amma har Mas'uda ta yi arba'in tana nan ƙulle a bakin zanenta, don ta rasa inda za ta binne ta. To a ina? Ɗaki ne can saman bene a birnin Landan, sama siminti, ƙasa siminti, ko tsakar gida babu. Da a Roni ne, ai da tuni mahaifiyarta Inna Kaltume ta haƙa ɗan rami a bayan ɗaki an wuce wurin. Kuma Inna ta sha faɗa mata cewa inda aka binne cibiyar mutum, can zuciyarsa ke komawa komai daɗewa.

Mijinta Falalu, wanda gwamnati ta turo karatun madatsun ruwa a shekarun nan da kuɗin fetur ke ta jigilar samari zuwa Turai, dariya kawai ya yi.

"Ki jefa a kwandon shara mana. Wannan ai camfi ne."

Ka ji fa! Mutumin da tasa cibiyar ke kwance lafiya lau a gindin tsamiyar gidansu a Gwiwa. Ga shi kuma ya fara zancen ƙara shekaru a nan, wai ƙasar ta karɓe shi.

Sista Priscilla ce ta kawo mafita. 'Yar wani malamin makaranta ce, a Kazaure aka haife ta, tana jin Hausa kamar jakin Kano, ta zo koyon aikin jinya tana zaune a ƙasan benensu.

"Maijego, in dai ƙasa kike nema, goya 'yarki mu tafi. Akwai wani lambu a tsakiyar garin nan, in kin shiga sai kin manta kina birni."

Da suka shige ƙofar ƙarfen, sai ƙarar motoci ta ja baya, ta ja baya, ta ɓace. Mas'uda ta daɗe ba ta fita ba, kanta ya yi sakayau. Wata siririyar rana ce ranar, mai haske ba zafi. Ga ciyawa shimfiɗe iyakar ganinta, kore shar, kuma wallahi ko akuya ɗaya babu. Ta tuna shekarar fari, da kawunta ya kora shanunsa kasuwar Babura suna faɗuwa a hanya don yunwa, sai ta ji takaici ya taso mata. Nan kuwa ga ƙarti kwance a kan abincin garke guda, sun rufe fuska da jarida.

"Gonar wa ce?" ta tambaya.

"Ba gona ba ce. A nan sarakunansu na da suke farauta. Yanzu ta kowa ce."

"Ba a shuka komai?"

"Sai furanni."

"Allah mai iko."

Suka bi wata hanya mai dogayen itatuwa, kowace ta girmi kakan kakanta. Suka ɓulla bakin wani tafki inda wasu fararen agwagi masu dogon wuya ke tafiya a kan ruwa ba ka ganin motsin ƙafarsu. Wani abin busa na tashi daga nesa. Mas'uda ta lumshe ido, sai ruwan ya koma mata na Kazaure, har da duwatsun nan da ke leƙa fuskarsu a ciki da hantsi. Ta buɗe ido, duwatsun suka tafi.

Ta zaɓi wata ƙatuwar bishiya can gefe. Ta yi sallama kafin ta shiga inuwarta, don ba a san masu ita ba. Priscilla ta tsaya gadi tana ƙunshe dariya. Mas'uda ta fiddo cokali daga jaka ta soma haƙa. Ƙasar baƙa ce, mai sanyi, mai laushi, ba ta da ƙanshin komai da ta sani. Wani kurege ya sauko daga bishiyar ya tsaya yana kallonta ido cikin ido, mara kunya, har ta yi masa tsawa.

Ramin ya yi daidai. Sai jaririyar ta motsa, ta sauke ta ta ba ta nono, ta jingina da bishiyar. Barci ne ko ba barci ba, ita ma ba ta sani ba. Ta dai ga wata doguwar budurwa ta taho ta cikin itatuwan nan, da takalmi mai tsini, tana tafiyar wadda ta san kowace kwana ta wurin. Ga Inna Kaltume zaune a kan tabarma a tsakiyar ciyawar, da carbinta. Budurwar ta zo ta tsaya ƙerere a kanta, ta miƙa mata hannu.

"Lale da jikata," in ji Inna. "Zo nan, kishiyata, in gan ki."

Budurwar ta yi murmushi mai kyau, ta juyo ta dubi Mas'uda, tana jira a fassara mata.

Mas'uda ta farka firgigit. Jaririyar 'yar fari ce, ko sunanta ba ta iya faɗa don kunya, amma a lokacin ta ƙanƙame ta a gaban Priscilla ba ta damu ba. Tsoro ne ya kama ta, tsoro na gaske.

"Sista, ba zan bar wa ƙasar nan yarinyar nan ba."

"To ya za ki yi? Ki yi ta yawo da cibiyar a bakin zane?"

Mas'uda ta laluba jaka ta fito da wani gwangwanin madara. Jar ƙasa ce a ciki. Lokacin da za ta taho da ƙaramin ciki tana kwaɗayin cin ƙasa, Inna ta ɓantaro mata daga katangar ɗakinta. Kwaɗayin ya wuce tuni, amma duk ranar da kewa ta ishe ta, sai ta ɗan lasa a ɓoye. Abin da ya rage bai fi tafin hannu ba, kuma shi ke nan Ronin da take da ita.

Ta murmushe ƙasar da bayan cokali, ta yi ɗan gurbi da yatsa, ta kwance bakin zane. Ta yi bismilla ta sa cibiyar, ta rufe, ta danne murfin. Ramin bishiya kuwa ta mayar masa da baƙar ƙasarsa, kurege ya zo ya tona bai sami komai ba.

Da yamma Falalu ya dawo, ya ga gwangwani a kan taga.

"An dai rabu da camfin?"

"Na binne, Malam. Ranar da muka koma sai Inna ta juye a bayan ɗaki."

Ya buɗe murfin yana shirin tsokana. Ƙanshin jar ƙasar ya bugi hancinsa, irin na katanga in ruwan farko ya taɓa ta. Mas'uda ta miƙa hannu za ta karɓa.

"Dakata tukuna," in ji shi, ya zauna a bakin gado da gwangwanin a hannu.