Ɓarawon Waƙar Predo

Mahaifiyata Nenita tana da wata waƙa da ba ta rabuwa da bakinta. Da ita take wanke shinkafa, da ita take shanya tufafi, da ita ta rene mu. Waƙar Turanci ce mai sanyi, tana tafiya a hankali kamar kwale-kwalen da aka cika wa kaya. A gidanmu da ke Iloilo, a ƙasar Filifin, ba mu san ta da wani suna ba sai waƙar Predo.

Shi Predo mawaƙi ne na zamanin 'yanmatancinta. Shi da abokansa ke kiɗa a dandalin unguwa duk lokacin bikin gari, da jita biyu da ganga, suna rera waƙoƙin Amurka da Ingila. A nan mahaifina Eufemio ya fara neman ta rawa. Predo da mutanensa ba su taɓa yin faifai ba, da zamaninsu ya wuce kowa ya kama gabansa.

Wata Lahadi na je gida cin abincin rana. Rediyo na kan firij yana zuba tsofaffin waƙoƙi, kamar yadda yake yi a kowane gida na layinmu ranar Lahadi. Sai ga wani kiɗa mai zafi, ganga na ta zabga gudu, wani Ba'amurke mai shaƙaƙƙiyar murya yana binta da ihu. Nanay, kamar yadda muke kiran mahaifiyata, ta tsaya da ludayi a hannu.

"Wane marar kunya ne wannan?"

"Wa fa?" in ji Tatay, wato mahaifina, yana zare ƙayar kifi.

"Wannan da ya sace waƙar Predo. Ji yadda yake gudu da ita kamar an biyo shi da sanda. Ko kalmomin ma bai iya ba."

Tatay ya yi dariya har shinkafa ta shaƙe shi. Da ya sha ruwa ya ce, "Neni, ai mai ita ke nan. Predo ne ya ara."

"A bakin wa ka ji?"

"Kowa ya sani."

"Kowa ya sani, amma ni da nake kwana ɗaki ɗaya da kai ban sani ba?"

Na ciro wayata na nemo mata waƙar, na nuna mata shekarar da faifan ya fito, lokacin Predo bai ma gama makaranta ba. Ta ture hannuna.

"Ita ma wayar ai tasu ce, Perlita. Me kike so ta ce?"

Musun nan ya cinye mako guda. Tatay in ya ga abin tsokana ba ya bari ya wuce, sai ya riƙa bin ta kicin yana rera waƙar da fito, da saurin Ba'amurken. Ita kuma ta daina sa masa sukari a kofi. Da kofin ya ishe shi da ɗaci, sai ya kawo shawara: a je a tambayi Predo da kansa. Wanzaminsa ya gaya masa mutumin yana raye, yana can tsibirin Guimaras yana noman mangwaro.

Ranar Asabar muka shiga jirgin ruwa muka tsallaka. Nanay ta sa rigarta ta zuwa coci, har da jan baki. Tatay ya lura, sai ya gyara kwalar rigarsa.

Mun sami wani ɗan gajeren tsoho a gindin bishiya yana naɗe 'ya'yan mangwaro da takarda don kada ƙwari su ɓata su. Kansa tal, rana na haskawa a kai. Nanay ta daɗe tana kallonsa.

"Manong Predo? Yayanmu, ina gashin?"

"Ya bi samartaka, Inday, ƙanwata. Tare suka fita, ba wanda ya yi mini sallama." Ya kalle ta da kyau. "Bashi kika biyo ko mangwaro?"

"Shari'a muka kawo."

Matarsa Soling ta jera mana kujeru a inuwa, ta yanko mangwaro cike da faranti. Tatay ya zayyana ƙarar, Nanay na katse shi tana gyara masa. Predo ya saurara da kunnensa na hagu, don na daman ya daɗe da yin ritaya. Da ya gane waƙar da ake nufi sai ya rufe fuska da hularsa, kafaɗunsa suna rawa.

"Inday, mijinki ya fi ki gaskiya," in ji shi. "Wani ma'aikacin jirgi ne ya zo da faifan, ya kunna mana a tashar ruwa, kafin mu ƙoshi jirginsa ya tashi. Abin da kunnena ya kama na riƙe, inda ya zube na cike da abin da ya zo bakina. Akwai wurin da ni kaina ban san me nake cewa ba. Ba Turanci ba ne, ba yarenmu ba ne."

"To sanyin fa? Shi wancan gudu yake yi."

"Wannan aikin marigayi Ambo ne, makaɗin gangarmu. Ƙato ne, in aka yi sauri sai haki ya kama shi. Dole muka riƙa jiransa."

Tatay ya miƙe ƙafafu ya harɗe hannu. "Kin dai ji da kunnenki."

Nanay ba ta kula shi ba. Ta gama shan mangwaronta a tsanake, ta goge yatsu, sannan ta dubi Predo.

"Na ji. Shi ya haife ta, amma kai ka yi mata tarbiyya. A hannunsa ai 'yar tasha ce."

Soling ta fashe da dariya. "Ki ƙara faɗa masa, ƙanwata. Tun da na aure shi, bishiyoyin nan kaɗai yake yi wa waƙa. Ni sai dai in tsinci guntu in iska ta kaɗo."

Ta shiga ɗaki ta fito da wata tsohuwar jita da tsirkiyarta ɗaya ta tsinke. Predo ya ce yatsunsa sun sandare, ya ce maƙogwaronsa ya yi tsatsa, amma duk yana faɗa yana ɗaure tsirkiyoyin. Da ya buɗe baki na ajiye mangwarona. Muryar ta tsufa, tana karkarwa a sama, amma a ƙasa tana da wani zurfi mai ɗumi wanda ban taɓa ji a rediyo ba. Sai a ranar na gane abin da Nanay take ta ƙoƙarin kwaikwayo a bakin famfo.

Yana shiga baiti na biyu ya tsaya cak.

"Ya gudu," ya ce, yana sosa sanƙo.

Nanay ta karɓe daga inda ya tsaya. Ta jero masa kalmomin nan nasa marasa asali, ɗaya bayan ɗaya, ba ta zubar da ko guda ba. Ya bi ta a baya yana gyaɗa kai, idonsa ya ciko. Masu aikin gonar maƙwabta suka leƙo ta kan shinge. Tatay, wanda kullum ke kukan gwiwa, ya tashi ya miƙa wa Soling hannu, suka taka a kan busasshen ganye.

Na ɗauki waƙar a waya. A jirgin komawa Nanay ta ce lallai sai na kai gidan rediyo, na kai don in huta da mita. Mai gabatar da shirin ya sa ta Lahadin da ta biyo baya, tsofaffi suka yi ta bugo waya, wannan ta ce a bikin aurenta Predo ya yi kiɗa, wancan ya ce ya ɗauka ya daɗe da mutuwa.

Ba a jima ba shugabannin unguwarsu Predo suka nemi ya yi waƙa a bikin mangwaro na watan Mayu. Ya bugo wa Nanay waya ya ce shi fa ba zai hau dandamali shi kaɗai ya ji kunya ba, sai in za ta tsaya kusa da kunnensa na hagu. Ta ce za ta yi shawara da mijinta, alhali ta riga ta aika wa tela yadi.

Ranar bikin ta hau, da nufin raɗa masa kalmomi kawai. Kafin a kai rabi ta matso da bakinta kusa da makirfo, Predo ya ɗan ja gefe ya ba ta wuri. Tatay na zaune a layin gaba, rungume da jakarta a cinya, yana gaya wa duk wanda ya zauna kusa da shi cewa waccan mai koriyar rigar matarsa ce.