Katin Saratu

"Ba ni ce Saratu ba."

Balkissa ta faɗi haka ne a bakin tagar karɓar kati, da murya ƙasa-ƙasa, tana waiwayen layin da ke bayanta. Matar da ke cikin tagar ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta karɓi ɗan katin, ta duba lamba, ta juya ta zaro fayil daga kanta.

"Saratu Lawal, abi?"

"Na ce ba ni ba ce."

Hausar matar ba ta wuce sannu da ina kwana ba. Ta nuna mata benci da bakin biro. "Go siddon, mama."

Balkissa ta je ta zauna. Tun daga Agege take bitar maganar nan a cikin danfo, motar hayar Legas, ta juya ta ta nan, ta juya ta ta can, sai ga shi ta faɗe ta a wurin da babu kunnen da zai ji.

Ita mai kitso ce. Shekara tara ke nan da ta biyo mijinta Idrissa daga Tsibiri ta ƙasar Maraɗi, kuma a zangon nan babu amaryar da ake kaiwa ɗaki ba ta bi ta hannunta ba. Mata kan zauna tsakanin ƙafafunta awa biyu, awa uku, numfashinta a kan ƙeyarsu. Shi ya sa da tari ya kama ta bayan damina ya ƙi saki, zufa tana jiƙa mata shimfiɗa, zani yana sassautowa a ƙugu, tsoron ciwon bai kai mata tsoron a ji ba. Wace mace ce za ta miƙa kanta ga mai tarin fuka?

Akwai ɗan asibitin kuɗi a bayan masallaci, amma can Shitu ne ke riƙe da katuna, shi ne kuma tafinta tsakanin likita da duk wanda ba ya jin Yarbanci. Abin da Shitu ya ji da hantsi, majalisar masu goro ta ji shi kafin la'asar, har da ƙari. Ga shi kuma ko ciwon haƙori ka kai musu, allurar zazzaɓi za su yi maka su sallame ka. Ita kuwa so take a duba ta tsaf, a gaya mata abin da ke cinta, ba tare da sunanta ya zauna a rubuce a inda wani ɗan zango zai iya gani ba.

Sai ta tuna da katin Saratu. Saratu mai tuwo ce a bakin titin jirgi, Bazazzagiya, mijinta ya rasu, ɗakinta na kallon na Balkissa a gidan haya. Ita ta karɓe ta ranar da ta sauka Legas ba ta san ko'ina ba, ita ta koya mata ciniki da Yarbanci. Shekara biyu da suka wuce Saratu ta yi taifot, ta buɗe kati a wannan asibitin gwamnati mai nisa. A gidansu kuwa aron kati kamar aron rariya ne, wadda ta buƙata ta ɗauka, a huta da layin buɗe sabo. Balkissa ta ce mata ciwon mara ne. Saratu ta ciro shi daga cikin kwalla ta miƙa mata, ko tambaya ta biyu ba ta yi ba.

An kuwa duba ta yadda take so. An auna nauyinta, an auna jini, an ɗauki hoton ƙirji, an ba ta 'yar kwalba ta kawo kakin asuba har kwana uku. Aka ce tarin fuka ne, yana warkewa, amma sai ta riƙa zuwa kullum da safe ta haɗiyi ƙwayoyi a gaban nas. Ta yi sati shida tana zuwa, ana kiran Saratu tana amsawa. Tarin ya lafa, jiki ya fara dawowa. Ran nan sai ta hango wata 'yar unguwarsu a layin awon ciki. Daga bakin ƙofa ta juya, ba ta ƙara komawa ba.

Abin da ba ta sani ba shi ne, wanda ya bar wannan magani bin sa ake yi har gida. Kuma adireshin da ke kan katin na rumfar Saratu ne. Ma'aikacin ya zo a kan babur da azahar, daidai lokacin da lebura da yaran mota suka cika benci, yana rataye da jaka mai hoton huhu. Ya tsaya ya ɗaga murya da gurguwar Hausarsa: "Ina Saratu? Me ya sa ta bar maganin tari?"

Yau kwana goma sha ɗaya ke nan da faruwar haka.

"Saratu Lawal!"

Balkissa ta miƙe. Likitar da ke duba ta, Dakta Folake, siririyar mace ce da ta yi bautar ƙasa a Gusau, ta kwaso Hausa mai kyau, har ta san wasan da ke tsakanin Yarbawa da Gobirawa. Tana ganin zanen Gobirawa a fuskar Balkissa ta ajiye biro.

"Baiwata ta gudu ta dawo! Ina kika shiga? Kin san abin da kika yi wa kanki?"

Da can Balkissa kan rama, ta ce ai bayin Gobir ne suka yi boko. Yau ba ta iya ba.

"Lokotoro, sunana Balkissa. Katin wanga ba nawa ba ne. Na maƙwabciyata ne, ara na yi."

Likitar ta dube ta, ta dubi fayil ɗin, ta jingina da kujera.

"Ita Saratun ina take?"

"Tana gida. Lafiyarta ƙalau, ko mura ba ta yi. Mutuminku ya je rumfarta. Tun ranar babu wanda ya ƙara cin tuwonta."

"Subhanallahi," in ji likitar, irin yadda ta ji mutanen Gusau na faɗa. "Bai kamata ya yi magana a gaban jama'a ba, zan same shi. Amma ke ma kin ga inda kika kai mu. Mun rubuta ciwonki a kan sunan wata."

"Na gani. Shi ya sa na zo. Ki rubuta mini takarda, ki ce Saratu ba ta da komai. In kai wa limami ya karanta."

"Ba zan rubuta lafiyar wadda ban duba ba. Ta zo in gwada ta, dama gidanku ɗaya, ya kamata a gwada ta. Amma ko na rubuta, za su ce to wa ke da tarin? Wannan kuwa ba za a ji daga bakina ba. Sirrinki ne. Ke kaɗai ke da ikon faɗarsa."

Wato dai abin da Balkissa ta sha wahala tana nema, wurin da za a riƙe mata sirri, tana cikinsa tun farko ba ta sani ba. Takaici ya cika ta har ta ji ɗaci a bakinta.

Likitar ba ta sallame ta da wuri ba. Ta sa ta hau ma'auni, ta saurari ƙirjinta gaba da baya, ta duba idonta, ta tambaye ta ko fitsarinta ya sake launi, ko tana ganin jini a kaki, mutum nawa ke kwana ɗakinsu. Ta ce za a sake gwajin kaki, domin ciwon da aka bari a rabi yakan dawo da taurin kai. Ta ce ta kawo Idrissa da yaranta biyu ranar Litinin. Sannan ta jawo sabon fayil.

"Suna?"

"Balkissa Habibou."

"Ina kike zaune?"

Ta faɗa, lungu da lambar gida, ba ta rage komai ba. Nas ta ba ta ƙwayoyin ranar ta haɗiye, suna tokare mata maƙogwaro.

A danfon komawa ta zauna jikin taga, katuna biyu a ƙulle a bakin zaninta. Kwana goma sha ɗaya tana ganin Saratu na fita da asuba da tukwanenta, tana dawowa ba ta sayar da komai ba. Ta ga an daina aron turminta. Ta ji da kunnenta wata tana hana ɗanta shiga ɗakin Saratu ɗaukar ƙwallo. Ana wannan gulma a bisa tabarmar Balkissa, mai gulmar na tsakanin ƙafafunta tana yi mata shuku, ita kuwa sai dai ta ce "Allah ya sawwaƙe" ta ci gaba da tsaga. Kullum sai ta ce gobe za ta yi magana. Kullum goben sai ta zo da wata amarya.

La'asar ta yi sanyi lokacin da ta sauka. Ba ta nufi gida ba, ta bi gefen titin jirgi, ta wuce masu tumatir da sabuwar lemar da ake buga waya a ƙarƙashinta. Daga nesa ta ga babu hayaƙi a rumfar. Bencinan an kife su ɗaya kan ɗaya. Wata motar da ta sauke albasa za ta koma Arewa tana tsaye a tsallaken titi, ana loda mata katifa da kwalla. Saratu na durƙushe tana ɗaure bakin wani buhu da tukwane ke ƙara a ciki.

"Yaya Saratu."

"A'a, 'yar Maraɗi. Na leƙa ɗakinki in yi sallama, aka ce kin fita tun safe."

"Ina za ki?"

"Zariya, wurin ƙanina. Direban nan ɗan garinmu ne, ya ce in zo ya rage mini hanya."

Balkissa ta kwance bakin zaninta. Ta ciro katin ta miƙa mata.

"Yaya, ba ciwon mara ba ne. Ni ce mai tarin. Ni mutumin nan ya zo nema."

Saratu ta karɓi katin, ta goge shi a jikin zaninta, ta tura cikin lalitarta. Ta koma ga ɗaurin buhunta.

"Na sani."

"Kin sani?"

"Haba Balki. Katina guda ɗaya ne, na kuma san hannun da na sa shi. Ko bango ɗaya ma bai raba mu ba, tsakar gida ce kawai. Tarin da kike yi cikin filo kina tsammani ba a ji?"

"To mi ya hana ki faɗa? Da kin ce musu ba ke ba ce!"

"Na ce ba ni ba ce. Suka ce to wace ce? Nan na tsaya." Ta ja igiyar da haƙori ta ƙulle. "Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ke kina da yara ƙanana. Kuma na ce a raina, Balki za ta zo da kanta. Ranar farko na dafa, na ce yau za ta zo. Ranar biyu na dafa. Kullum ina tuƙa tuwo ina duban hanya, da yamma in juye wa awakin mahauta."

Ba da faɗa ta yi maganar ba. Da ma faɗan ta yi, da Balkissa ta fi samun sauƙi. Kunya da nadama suka taru suka danne ta, ta durƙusa a gaban murhun da ya huce, hawaye na zuba.

"Ki sauke kayan, Yaya, don Allah. Gobe akwai suna gidan Inno, mata duk za su taru. Zan tashi in faɗa a gaban kowa. Mu je lokotoro ta gwada ki, ta ba ki takarda."

"Wanda ya ga ƙyama a kwanonka ba ya dawowa don ya ji labari. Shekara goma sha bakwai ina ciyar da mutanen nan. Harisu mai dako, tun ba shi da gemu yake ci a nan, jiya da ya hango ni sai ya tsallaka titi. Ko sun dawo, ni ba zan iya sake zuba musu miya da zuciya ɗaya ba." Ta miƙe tana dafa gwiwa. "Ki yi shiru abinki. Rumfa ɗaya ta mutu, ba sai an kashe biyu ba."

Direban ya danna ham. Yaron mota ya zo ya saɓi buhun. Saratu ta gyara mayafinta, ta yi taku biyu, ta juyo.

"Kin koma asibitin?"

"Daga can nake."

"Da sunan wa?"

"Da nawa."

"To ki sha maganin har ƙarshe. Kada ya zama na bar Agege a banza."

Aka ja ta ta hau gaban motar. Balkissa na tsaye har motar ta tashi, ta hau kwalta tana girgiza, ta shige cikin danfo da okada.

"Balki! Ashe kina nan."

Najiba ce, matar wani dillalin shanu, tana dawowa daga kasuwa da leda a hannu. Ta tsaya nesa da rumfar, ta yafito ta.

"Ke ba kya tsoro, kika tsaya a nan? To, Allah ya raba mu da ita lafiya. Mutum na tari yana dafa wa jama'a abinci, ai wannan rashin imani ne. Gobe da sassafe zan zo ki yi mini kitson sunan nan, ki ajiye mini layin farko."

Balkissa ta share fuskarta da gefen mayafi. Ta dubi hanyar da motar ta bi, babu ko alamarta.

"Najiba, Saratu ba ta taɓa yin tari ba. Katinta na ara. Tarin nawa ne."

Najiba ta ƙura mata ido. A hankali ta ja mayafi ta rufe hancinta, ta yi baya da taku ɗaya. Balkissa ta ji maganar ta fita da sauƙi ƙwarai, sauƙin da ya fi komai yi mata ciwo, yanzu da faɗinta ba zai dawo da kowa ba.