Fijo a Kan Bulo

Da injin niƙan maƙwabta ya yi tarin farko, Malam Makau ya ajiye kofin kununsa. Ya jira har tarin ya zama ruri, ƙasar tsakar gida ta ɗauki rawa, sannan ya miƙe ya rufe ƙyauren langa-langar da ke kallon titi. Ya ɗauko batir daga ƙarƙashin gado, rungume a ƙirji kamar jariri, ya ɗaura shi, ya kori kazar da ta mayar da kujerar baya wurin kwanci, ya murɗa makulli.

Fijon ta tashi. Ba ta da taya ko ɗaya, a kan bulo take zaune, an lulluɓe mata baya da tsohon tamfol, amma injinta na bugawa lafiya lau. Malam ya dafa sitiyari ya lumshe ido. Duk Juma'a da hantsi haka yake yi, don kada injin ya kwanta. Ƙarar niƙa ce ke haɗiye ƙarar motar, shi ya sa duk unguwar an yarda ta mutu tuntuni.

Matarsa Atine tana bakin murhu tana kallonsa.

"Mallam, har ka isa Gusau ko kana hanya?"

"Ina Anka, ana duba takardu."

"To in ka kai ka sawo mini atamfa."

Ta yi dariya, ta dafe ƙeya. Kwana biyun nan ƙeyar na sara mata.

Da kuɗin sallama ya sayi motar, bayan ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana koyar da 'ya'yan mutane a firamare. Ita ce kaɗai abin da aikin gwamnati ya bar masa wanda ake iya taɓawa da hannu. A wannan gefen na Bukkuyum kuwa, mai mota ba shi da mota, unguwa ce ke da ita. Mai naƙuda, wanda maciji ya sara, amarya da gararta, duk ƙofarsa ake bugawa, kuma abin kunya ne ka karɓi kuɗin mai a hannun maƙwabci. Da can ba ya jin nauyin abin. Sai aka wayi gari an janye tallafin mai, farashi ya hau sama ya zauna, fansho kuma ya tsaya inda yake kamar jakin da ya ga rafi. Kayan gyara suka zama sai kallo. Ga kuma masu kai wa 'yan bindiga rahoto, waɗanda a wurinsu duk mai taya huɗu attajiri ne. An ɗauke wani mai kanti a Zugu, aka ce motarsa ce ta nuna shi.

Sai Malam ya yi dabara irin ta masu ilimi. Ya zuba mata mai iya ƙarfinsa, ya kwance tayoyin ya ɓoye a rumbu, ya ɗora ta a kan bulo, ya riƙa barin ƙyaure a buɗe don mai wucewa ya gani. Man da ke ciki na Atine ne. Tana da hawan jini, kuma ya san akwai ranar da za a buƙaci mota cikin gaggawa.

* * *

Manu ne ya fara gwada ƙaryar. Ɗan kabu-kabu ne, katanga ɗaya ta raba gidajensu, kuma Malam ne ya koya masa baƙi da wasali. A farkon damina ya shigo da safe, ya durƙusa, hularsa a hannu.

"Baba Mallam, Luba ce. Tun jiya take kan gwiwa, ungozoma ta ce a tahi Gummi."

Malam ya dubi motar. Ya san in ta sauka yau, gobe duk Bukkuyum ta ji. Ya san kuma zuwa Gummi da dawowa zai ci man Atine. Ya nuna bulon da haɓa.

"Kai ma kana gani, Manu. Inji ya buga."

Manu ya yi godiya, don haka aka koya masa. Ya ɗaura matarsa a bayan babur, mahaifiyarsa Marka ta zauna a bayanta tana riƙe da ita, suka bi ramukan hanya. Luba ta dawo da ranta. Jaririn a zane aka dawo da shi.

Malam ya je gaisuwa, har shi ya ja addu'a. Da ya dawo, Atine ta ajiye masa tuwo ba ta dube shi ba.

"Don ke na yi," in ji shi.

"Ban aike ka ba. Ka sayar da ita, Mallam. Abin da ba ka iya ciyarwa, ba ka iya ba aro, ba ka iya nunawa, mi sunanshi?"

"Wa zai saya? Dillalin Gummi kuɗin akuya biyu ya taya."

"Akuya dai tana haihuwa."

Bai sayar ba. Juma'ar da ta biyo baya injin niƙa ya tashi, shi ma ya tashi nasa.

* * *

Ranar ta zo bayan an fara yankan gero. Atine na tankaɗe, rariya ta suɓuce mata, ta zame ta jingina da turmi. Bakinta ya karkace, hannun dama ya saki. Mai kemis ɗin unguwa ya gwada jininta, ya naɗe abin awonsa a hankali, ya ce wannan ta fi ƙarfin nan, sai Gummi, kuma yanzu. Motocin haya sun tashi tun safe. Wadda ba ta iya riƙe kanta kuwa ba a ɗora ta a babur.

Malam ya shiga rumbu ya fara gangaro da tayoyi, a gaban matan da suka cika gidan. Tayoyin sun sace, aka aika a kira mai faci da famfonsa. Jak ya yi tsatsa ya ƙi hawa. Malam na ta dukansa da dutse, sai ya ji an dafa shi.

"Kauce, Baba Mallam."

Manu ne, da wasu samari. Suka sa kafaɗa suka ɗaga motar, kusurwa bayan kusurwa, ana zare bulo ana sa taya. Jijiyar wuyan Manu ta fito kamar igiyar guga. Da aka ɗaure na ƙarshe Malam ya kawo batir. Ranar babu niƙa, unguwar shiru. Ya murɗa makulli, Fijon ta tashi a bugu ɗaya.

Manu ya tsaya yana share baƙin mai a wandonsa. Ya saurari injin kamar mai sauraron karatu.

"Ashe tana da rai," ya ce.

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Marka ta shiga baya ta ɗora kan Atine a cinyarta. Manu ya hau baburinsa ya ce zai bi su, saboda hanya.

* * *

Allurar da ke nuna mai tana kan rabi. Ta yi shekaru a nan, ko an zuba ko ba a zuba ba, kuma Malam ya san haka. Lissafinsa shi ne ɗumama inji ba ya cin komai. Bai taɓa tara Juma'o'in wuri ɗaya ya duba ba.

Sun bar gari, sun wuce gonakin dawa, sun shiga inda babu gida babu rumfa, sai motar ta yi shaƙuwa. Ta ja, ta sake shaƙuwa, ta gangara gefen hanya ta yi shiru. Ya murɗa, ya sake murɗawa. Ya fita ya karyo wani busasshen kara ya zura a tanki. Ya fito a bushe.

Wata bas ta taho daga wajen Anka. Malam ya tsaya tsakiyar hanya ya ɗaga hannu biyu, farin gemu, babbar riga. Direban ya kauce masa ya ƙara wuta. A wannan hanyar kowa ya san mota a tsaye da tsoho yana roƙo tarko ne. Ta biyu ma haka ta yi.

Manu ya jingine baburinsa. Ya ciro tiyo daga ƙarƙashin kujera, ya zura a tankinsa, ya zuƙa da baki, ya tofar, ya tara wata gorar ruwa. Man na zuba siriri kamar fitsarin ɗan akuya. Man yininsa ne, wanda zai ci da gidansa.

"Manu," in ji Malam. "Ranar da ka zo..."

"Riƙe gorar da kyau, Baba, tana zuba."

Suka juye a tankin motar, Manu ya girgiza baburin ya tatse ɗigon ƙarshe. Malam ya zagaya da sauri ya buɗe ƙofa, sai ya ga Marka ta ja mayafin Atine ta rufe mata fuska. Tana gyara gefen mayafin a hankali, tana salati ƙasa-ƙasa.

"Juya, Mallam," ta ce. "Gida za mu."

Ya zauna a kujerarsa. Ya daɗe yana kallon allurar, tana nan a kan rabi. Ya murɗa makulli, motar ta tashi da man Manu, ba gardama.

"Ka bar babur ɗin ka shigo," ya ce ta taga. Muryar ba tasa ba ce.

"In na bar shi nan ba ni iske shi. Ku tahi, kada rana ta yi mata yawa. In Allah ya so ina samun jana'iza."

Malam ya juya kan motar. Ya tuƙa a hankali, yana kauce wa ramuka, abin da bai yi ba a zuwa. A madubi yana ganin Manu a tsakiyar hanya, ya sunkuya a kan baburin da babu mai, yana turawa cikin rana, yana ƙanƙancewa.