Ƙanƙarar Washiela

"Ku ɗora babbar tukunyar nan, ruwan ya yi ɗumi sosai," in ji Anti Galiema. Tana tsaye a ƙofar ɗakin da Washiela take kwance, tana naɗe hannun riga, da ƙullin kafur a hammata.

Ko awa ɗaya ba a yi ba da na rufe wa Washiela idanu, amma falon har ya cika. Na bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, yadda nake duba aji da safe. Mata goma sha huɗu. Babu wadda ta taka gidan nan cikin shekara shida, amma yau kowace ta san inda ake ajiye kofuna.

"Allah sarki Washiela," in ji wata. "Allah ya yafe mata abin nan."

"Amin. Abin nan dai."

Anti Galiema ita ce mai wankan gawar mata a layinmu na unguwar Bonteheuwel. Shekara arba'in babu macen da ta bar layin zuwa maƙabarta ba ta bi ta hannunta ba, kuma tana son a tuna da haka.

"Anti," na ce a hankali, "ba ke za ki yi wankan ba. Ni ta bar wa wasiyya. Kuma da ruwan sanyi ta ce."

Cokula suka daina motsi a kofuna.

"Ke, Malama Rugaya? Ke da ko kifi sai an wanke miki a kasuwa?" Ta juya ga matan. "Ruwan sanyi! Gawa ce ko kwalbar lemo?"

"Ko wata kwalbar," in ji wata murya daga baya. Aka yi 'yar dariya, aka rufe baki da gefen mayafi.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da 'yan aji uku, ban taɓa ɗaga wa yaro murya ba. Yara idan sun yi dariyar mugunta, kunya takan biyo baya. Na jira kunyar nan a falon, ba ta zo ba.

Katanga ɗaya ce ta raba ni da Washiela shekara ashirin da biyu. Ɗinki take yi a wata masana'antar riguna a Salt River. Shekara takwas da suka wuce, tana cikin bas ɗin haya da mijinta Sedick, 'yan daba suka buɗe wa juna wuta a mahaɗar hanya. Harsashi ɗaya ya shigo ta taga. Ta riƙe kansa a cinyarta har ya cika. Tun daga ranar, ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai ka gan ta a ƙasa, hannu a ka.

Bayan shekara biyu ƙafarta ta hagu ta fara ja. Harshenta ya yi nauyi, allura ta riƙa suɓuce mata. A asibiti suka ce mata ciwon MS ne. Ita da kanta ta yi mini bayani, ta ce in ɗauka jijiyoyin jiki wayoyin lantarki ne, ɓera kuma yana cinye robar da ta rufe su. Saƙo ya taso daga kai, kafin ya kai ƙafa ya ɓace a hanya. Zafi kuma shi ne babban maƙiyinta. Idan rana ta take a watan Janairu, lokacin tsananin zafi a ƙasarmu, idonta ya riƙa ganin abu biyu-biyu, ƙafafun su zama kamar na aro. Abin da ke dawo da ita ƙanƙara ce: a wuya, a wuyan hannu, a bokitin da take tsoma ƙafa.

Ana ɗauke mana wuta sau biyu, sau uku a rana, firij ba ya riƙe komai. Wuri ɗaya ne kusa da ke da janareta yana sayar da ƙanƙara a leda: shagon giya na bakin titi.

To, ga mace Musulma da ɗankwali, bazawara, tana shiga shagon giya da rana tsaka, ta fito da baƙar leda tana tangaɗi, ka gaishe ta magana na sarƙe mata. Layinmu bai buƙaci fiye da haka ba. Babu wanda ya ce, "Washiela, me ke cikin ledar?" Tambaya tana ɓata labari.

Anti Galiema ce ta fara matsawa kusa da ita a wajen zikirin daren Alhamis, kamar za ta gyara mata mayafi, tana shinshina. Mako na gaba ba a aiko mata da gayyata ba. Ran Lahadi da safe kuma, da kowane gida ke aika wa maƙwabci farantin koesister, fanken nan mai barbaɗin kwakwa, faranti ya riƙa tsallake ƙofarta.

Na taɓa ɗaukar takardar asibitin na karanta musu layi-layi. Anti Galiema ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Zamani ke nan, Malama. Yanzu kowane abin kunya sai likita ya raɗa masa suna."

Amma dole in faɗi nawa. Wata rana a farkon abin, na kai mata shayi, na sunkuya fiye da yadda ajiye kofi yake buƙata. Ta gani. Ta buɗe baki ta hura mini iska a fuska, ta ce, "Albasa ce, Malama. Ki kai musu rahoto." Kuma da ƙafafun suka daina kai ta bakin titi, ban taɓa shiga shagon na sayo mata ba. Na riƙa daskarar mata da ruwa a robobin man shanu, wuta ta ɗauke, su narke. Ni Malama ce, ina da suna a unguwa.

Akwai makonnin da labulenta ba ya buɗuwa. Ƙarfe huɗu na yamma in shiga in same ta yadda na bar ta jiya, fuska ga bango, abincin ya bushe a faranti.

"Ba mutuwa nake so ba," ta taɓa ce mini. "Tashi ne ba na so."

Na riƙa yin abin da na iya. In buɗe labulen faɗin tafin hannu ɗaya, ba fiye ba. In ba ta ƙwayoyinta, na jijiya da na damuwa. In juye mata gwangwanin maɓallan da ta tara daga masana'anta a kan tire, mu ware su: farare nan, baƙaƙe nan, masu ido huɗu daban. Yatsunta ba sa jin su, da ido take kamawa. Idan mun gama ta mayar da su gwangwanin ta girgiza, don gobe. Ranar Talata kuma tana magana a waya da wasu mata masu irin ciwonta. Ranar ce kaɗai nake jin dariyarta ta katanga.

Mako uku kafin rasuwarta, ciwon ƙirji ya kama ta. Ta riƙe hannuna ta ce, "Malama, abu biyu. Kar hannun Galiema ya taɓa ni, ta gama shinshina ni da raina. Kuma kar a zuba mini ruwan ɗumi. Shekara shida ina gudun zafi, kar ya kama ni a kwance."

"Ban iya ba, Washiela."

"Kin koya wa 'ya'yan layin nan karatu. Akwai abin da ya fi wannan wuya?"

Ranar rasuwar dai, muna nan tsaye ni da Anti Galiema sai ga Boeta Faiek, yayan Washiela, ya iso daga Mitchells Plain da matarsa Zuleiga. Ya ji batun, ya cire hula ya share gumi.

"Malama, don Allah kar a yi abin magana. Bayan La'asar za a kai ta. A bar wadda ta saba."

"Boeta, sau biyu ka zo gidan nan cikin shekara shida, ɗaya ma keken ɗinkinta ka zo ara. Abin magana an daɗe da yin sa. Abu biyu ta roƙa, kuma ba su fi ƙarfinmu ba."

Ya duba ƙasa, ya duba matarsa. Ya ce shi dai namiji ne, wannan harkar mata ce, ya fita wajen masu kafa rumfa.

Anti Galiema ta yi murmushi. "To shi ke nan. Ki nemo ruwan sanyin. An ɗauke wuta tun ƙarfe tara, famfo kuma kamar shayi yake zubowa. Ina za ki samo?"

Ta san amsar. Kowa a falon ya sani.

Na gyara ɗankwalina, na ɗauki jakata. Taku ɗari uku ne daga ƙofar Washiela zuwa bakin titi, kuma a ranar na gane tsawonsu ga mai jan ƙafa. Maza suna zaune a ƙarƙashin rumfa, liman yana cikinsu. Na gaishe su, suka amsa, suka bi ni da ido har na tura ƙofar shagon.

Matar da ke bayan kanta, wata Kirista mai suna Doreen, ta dube ni ta dubi ɗankwalina.

"Ƙanƙara, leda huɗu," na ce.

"Ta Anti mai sanda ce? Na daɗe ban gan ta ba."

"Ta rasu da safen nan."

Doreen ta ɗauko ledojin, ta ture hannuna da na miƙa jaka. "Kullum sai in ajiye mata kujera ta huta kafin ta koma," in ji ta. "Ba ta taɓa ko kallon kantocin nan ba, baiwar Allah. Ƙasa take kallo."

Na dawo da baƙaƙen ledoji biyu a kowane hannu, nauyinsu yana karkata ni hagu da dama. Na tabbata daga nesa tangaɗi nake yi.

Zuleiga ce ta tashi ta karɓe ni. Muka juye leda uku a baho, muka ja labule, muka rufe Washiela da zane. Na tsaya da tsumma a hannu, duk abin da na karanta ya gudu daga kaina.

"Alwala tukuna," in ji wata murya daga bayan labulen. Anti Galiema ce. Ba tausayi ne ya kawo ta ba, ba za ta iya jure a ɓata aiki a layinta ba ne. "Sannan kai. Dama kafin hagu, Malama, ko a makaranta ba a koya muku dama da hagu ba? Kafur a ruwan ƙarshe."

Na bi umarninta ɗaya bayan ɗaya. Hannunta bai ƙetare labulen ba. Zuleiga tana zubawa, ina wankewa, yatsuna suka mutu don sanyi har na daina jin su. Da na zo wuyan hannun Washiela na ɗan daɗe a wurin.

Bayan La'asar maza suka ɗauke ta. Aka zuba wa mata shinkafa da miyar karas da wake, aka haɗa lemo a babban jug. Ana ta fifita da faranti, ana kukan zafi. Wata ta leƙa kicin ta ga leda ta huɗu a cikin kwano, ba a buɗe ba.

Ina zaune a ɗakin Washiela da gwangwanin maɓallan a cinyata. Na buɗe labulen faɗin tafin hannu ɗaya. Daga falo ina jin ƙarar ƙanƙara tana bugun kofuna.