Bokiti na Takwas

Ranar da takardar majalisar gari ta iso, sau uku na karanta ta, kuma ba karatun da ya kwantar mini da hankali. Wai an ware kuɗi don gyara ɗakunan karatu da tsohuwar hasumiyar agogo, za a turo injiniya ranar Laraba ta duba lafiyar gine-ginen. Shekara ashirin da biyu ina riƙe da laburaren nan, ko ƙusa ɗaya ba a taɓa aiko mini ba. Yau kwatsam an tuna da ni? Jikina ya ba ni akwai wata a ƙasa.

Ba haka kawai nake zargi ba. Laburaren bakin tasha, inda na fara aiki, da irin wannan duba aka kashe shi. Wani ya zo da fayil, ya ɗaga kai ya kalli silin, ya rubuta cewa ginin haɗari ne ga jama'a. Cikin wata guda aka garƙama kwaɗo. Littattafan a buhuna aka kwashe su, har yau ban san inda suka shiga ba. Yanzu tayoyi ake sayarwa a wurin.

Namu kuwa ya fi wancan jin jiki. Bokiti bakwai nake jerawa duk damina, kowanne ya san wurinsa. Bangon gabas ya tsage har hannu na shiga. Silin ɗin sashen yara ya yi tumbi.

Da yamma Mai Agogo ya leƙo. Mijin ƙanwata ne, shi ke gadin hasumiyar, mutum ne da ko me aka gaya masa sai ya yarda.

"Yaya, ka ga takarda? Ni kam har tsagar da ba ta gama tsagewa ba sai na nuna mata."

"Nuna mata mana," na ce. "Wa zai mayar da hasumiya shago? Ni aka nufa. Kai ba ka ga filin nan yana bakin titi ba?"

"Gyara fa suka ce."

"To me kake so su ce? Rufewa?"

Ya yi dariya ya ce da zargi na hana tsufa, da yanzu rarrafe nake. Na ƙyale shi.

Kwana biyar ban huta ba. Na hau tsani na danne tumbin silin da katako, na shafe shi da farin fenti. Tsagar bango na rataya mata babbar taswirar duniya. Kantar littattafan tarihi na ja ta na rufe inda danshi ya ci. Bokitan kuwa na cusa su cikin juna na kai bayan kabad na lulluɓe da tsohon labule. Da na tsaya a ƙofa na duba, wallahi sai da na ji daɗi.

Injiniyar ta zo da tocila da allon rubutu. Ba za ta wuce sa'ar 'yata ba, ga ladabi, har da rusunawa ta gaishe ni. Wannan ladabin ma bai yi mini ba.

"Baba, ina ne yake yoyo?"

Ji tambaya. Ba ta ce ko yana yoyo ba, sai ina ne. Na ce a raina, lallai an kitsa mata.

"Nan? Ko ɗigo."

Ta zaga a hankali. Ta daɗe a gaban taswirar, har na fara gumi. Sannan ta haska ƙasa, inda gindin bokiti ya bar zobe a kan siminti. Ta bi zobban ɗaya bayan ɗaya, ina jin tana ƙirgawa a ƙasan maƙoshi.

"Waɗannan fa?"

"Tukwanen fulawa ne. Sun mutu."

Ta dube ni, ta rage murya.

"Baba, abin da aka nuna mini shi zan rubuta. Idan akwai wani abu, yau ce ranar faɗa."

Ni kuwa na ji wannan a matsayin tarko ƙarara. Na haɗe rai na ce mata ginin nan ya girme ta, kuma zai ga jikokinta. Ta rubuta layi biyu, ta yi mini sallama. Da ta fita har rawa na taka tsakanin kantoci, ni kaɗai.

Bayan sati shida sunaye suka fito. Ɗakunan karatu huɗu da hasumiyar agogo. Namu babu. Abin da aka aiko mini takardar yabo ce mai hatimi, wai ginin na cikin kyakkyawan yanayi saboda kulawar ma'aikacinsa. Na tafi majalisa da kaina na ce kuskure ne. Akawun ya buɗe rahoton ya karanto mini maganata, "ko ɗigo", ya ce kason bana an gama raba shi, na gaba kuma sai bayan shekara biyar, in an samu.

Ban gaya wa kowa ba. Ina wucewa ta hasumiyar kullum ina ganin magina a kan katakai, sai in kau da kai.

Ruwan farko da safiyar Asabar ya sauka. Na fito da bokitan na mayar da kowanne kan zobensa. Kafin azahar katakon da na danne silin da shi ya saki, sabon yoyo ya ɓalle daidai kan littattafan yara. Ina ta kwasar su a ƙirji, fenti na ɗiga mini a wuya, sai ga Mai Agogo a ƙofa, jiƙe sharkaf, da bokitin ƙarfe a hannu.

Na jira ya yi tsiyarsa. Bai yi ba. Ya wuce ya ajiye shi a ƙarƙashin sabon yoyon, ya gyara masa zama.

"Na hasumiya ne, Yaya. Mu yanzu ba ma bukatarsa." Ya goge fuska. "Injiniyar ce ta ce in kawo maka. Ta ce bakwai ba za su ishe ka ba bana."

Na zauna a kujerar yara da littattafan a cinyata, kunya ta hana ni ɗaga kai, ina jin ruwa na buga gindin bokitin.